Rumfar Inna mai tuwo a cikin birnin Katsina: yadda ta tsaya da yadda ta tafi

Juma'ar da ta wuce bayan an sauko masallaci na ce bari in taka da ƙafa ta tsohuwar unguwarmu, daga wajen Ƙofar Soro in gangara ta ɓangaren 'Yar Kutungu, ban ankara ba sai ga ni tsaye gaban wasu shaguna uku na bulo, ɗaya ana sayar da caja da gilashin waya, ɗaya na tela, na ukun a garƙame da kwaɗo. Na tambayi yaron shagon waya ko ya san abin da ke wurin nan a da, ya ce "Baba wallahi ni haka na taso na gan shi." Ban ga laifinsa ba. Amma daidai inda ya ajiye kujerarsa ta roba, nan murhun Inna yake, duwatsu uku baƙi ƙirin da wuta ba ta mutuwa a cikinsu tun daga asuba har bayan isha'i.

Tun ranar abin ya tsaya mani a rai, shi ya sa na je na zauna da ƙanwar mahaifiyata, na nemi wani dattijo da ya yi tuƙin mota hanyar Jibiya shekara da shekaru, na kuma samu jikar Inna ɗaya da ke aure a nan cikin gari, na haɗa abin da suka faɗa mani da abin da idona ya gani. Ba zan kama sunanta ba don ban nemi iznin zuri'arta a kan haka ba, kuma dama a unguwa babu mai kiran sunan nata, yaro da babba Inna ake cewa.

Farkon abin ba a rumfa ya faro ba. Mijinta ɗan tireda ne mai zirga-zirga tsakanin Katsina da Maraɗi, ya rasu ya bar ta da yara ƙanana, da ta fita takaba sai ta fara tuwon sayarwa a cikin gida irin yadda matan kulle ke yi, a zuba a kwano yara su fita talla. Ba ta sake aure ba, da shekaru suka ɗan ja sai ta fito zaure, daga zaure aka kafa mata rumfar kara a jikin katangar gidan. Lokacin ma ba a fara naira ba, ana ta'ammali da fam da sule da sisi da taro, kuma ko da naira da kwabo suka zo a 1973 bakin mutane bai canza ba, kwabo 10 sule ake ce mashi, kwabo 5 sisi. Ni na tashi na iske ana cewa "Inna a ba ni tuwon sule."

Wurin ba wani girma gare shi ba. Benci biyu, tabarmar kaba ɗaya ta dattawa, randa a gindin bango da moɗa a kan faifai, buta da ƙaramin kwano na wanke hannu. Babu allo babu suna, ƙamshin daddawa shi ke nuna maka hanya tun daga bakin lungu. Aikin tuwon kuwa tun jiya yake farawa, a surfa dawa a sheƙe dusa a wanke a shanya, a kai inji, a dawo a tankaɗe a ware tsaki daban gari daban. In ruwa ya tafasa ta yi talge ta rufe, sai ya dahu ya fara tsalle yana fallatsa sannan ta ɗaura zani ta dafe tukunya da ƙafa ɗaya ta tsumma, ta kama muciya da hannu biyu. Na sha tsayawa ina kallon wannan tuƙin, jijiyoyin hannunta duk sun tashi, hayaƙi na shiga idonta tana kawar da kai ba ta fasa ba, har sai tuwon ya yi santsi babu gudaji ko ɗaya. Ta yayyafa ruwa ta rufe ya sulala, sannan ta tsoma mara a ruwa ta riƙa kwasa tana juyawa a ƙwarya, malmala na faɗowa kamar an auna da sikeli. Miya kuwa kuka ce ko busasshiyar kuɓewa, ranar Juma'a taushe da kabewa da yakuwa. Daddawar kalwa, barkono, citta, ƙashi mai ɓargo da ya kwana yana dahuwa, ta kaɗa kuka da maburgi a hankali. Man shanu soyayye da albasa yana cikin wata 'yar kwalba a kusa da cinyarta, ita kaɗai ke taɓa shi. Dattawa a akushi ake zuba masu, sauran mutane a kwanon samira. Da safe ɗumame da koko, ƙanzo kuma na almajirai ne, ba a sayar da shi ko da wasa.

Masu cin abinci a wurin kala-kala ne, kuma in ka dube su ka ga yadda garin yake tafiya a lokacin. 'Yan dako da masu amalanke daga kasuwa, mutanen ƙauye da suka shigo da itace ko hatsi a kan jakuna ta Ƙofar Sauri da Ƙofar Marusa, direbobi da yaran mota na hanyar Jibiya da Maraɗi da ke fita ta Ƙofar Guga, masinjoji da leburorin hukumar gargajiya ta En'e, dogari in ya sauka aiki, malaman firamare da aka turo daga nesa lokacin da aka buɗe makarantu barkatai a shirin ilimi kyauta na 1976 ba su da iyali a gari. Lokacin sallah kuwa da hakimai ke shigowa da jama'arsu da dawakai don hawa, tukunya biyu take ɗorawa kuma kafin la'asar an sauke an kankare. Dattijon direban nan ya ce mani su a rumfar Inna suke jin farashin gero a Maraɗi da labarin hanya, wa ya yi faci a ina, wane ɗan kwastan aka canza, tun kafin su kunna rediyo.

To amma duk wannan ba shi ne ya sa nake rubutun nan ba. Akwai wasu masu cin tuwon Inna da ba a taɓa ganinsu a kan benci ba.

Kowa ya san al'adarmu, magidanci mai iyali a cikin birni ba ya zama a rumfa ya ci tuwon saye, abin kunya ne, kamar ya yi shela ne cewa gidansa ba a ɗora tukunya ba. Amma gidajen da ba a ɗora tukunyar ba suna nan, kullum akwai su. Sai bayan isha'i in ƙafa ta ɗauke, yara su riƙa zuwa ta ƙofar baya ɗaya bayan ɗaya da langa a rufe cikin zani ko ƙarƙashin riga. Ni ma na yi wannan zuwan, wata da watanni, lokacin da aka rage ma'aikata aka haɗa da mahaifinmu, ga kuma ciwo ya kwantar da shi. Ba na manta daren farko, na tsaya a bakin ƙofa na kasa magana, ta ɗago fitilar ƙwai ta haska fuskata ta ce "Ɗan nan mi kake tsaye kamar baƙo, miƙo kwanon." Ta zuba malmala biyar, ta cika ƙaramin kwanon da miya har da tsoka biyu, ta ɗiga man shanu, ta ce "Ka gaida mutan gidan, ka ce ma babanka sai Allah ya hore, kada ya sa komi a ransa." Gobe da rana na wuce ta gabanta da sauran yara za mu makarantar allo, ko kallon da zai nuna wani abu ba ta yi mani ba.

Ba ta iya boko ba, ajami ma ba ta rubutawa. Lissafin bashinta a jikin bangon ɗakin girki yake daga ciki, zane-zane da gawayi, layi-layi, babu suna ko ɗaya. Ita kaɗai ta san layin wane gida ne wannan. Wanda ya biya ta sa tsumma ta goge. Ƙanwar mahaifiyata ta ce a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa jin an yi faɗa a gidan biki ko bakin famfo wata ta gori wata da tuwon Inna ba, domin maganar ba ta taɓa fita daga bakinta ba. Rufin asirin unguwa guda a hannun mace ɗaya.

Abin tambaya shi ne ta yaya mai ƙaramin jari irin wannan ta iya ɗaukar wannan nauyi. Da na bi diddigi sai na gane ita ma a kan bashi take tsaye. Ma'auni ya ba ta dawa da safe sai dare ko sai gobe ta biya. Mahauci ya ajiye mata ƙashi da kayan ciki, lissafi sai ranar Juma'a. Mai itace ya sauke kaya ya wuce kasuwa, in zai koma ƙauye ya biyo ya ci tuwo ya karɓi kuɗinsa. 'Yar Fulani mai man shanu wani lokaci ma ba kuɗi take karɓa ba, dusa ko tsaki take ɗauka. Mai ga-ruwa da abinci ake biyansa rabi. Ribarta ta kuɗi kaɗan ce ƙwarai, ainihin ribar ita ce gidanta ya ci, dusa ta ciyar da awaki da tunkiya a sayar gab da babbar sallah, sai adashi da take zubawa wanda da shi ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki. Wato kowa na jiran kowa, kuma jiran yana yiwuwa ne saboda kuɗin tiyar dawa yau shi ne kuɗinta jibi.

Wannan zaren ya sha ja kafin ya tsinke. An ba ni labarin farin 1973, lokacin da dabbobi suka mutu mutane suka yi ta kwararowa daga arewa, Buzaye da Fulani da mutanen ƙauyukan kan iyaka, hatsi ya yi wuya, ta koma tuƙa tuwo sau ɗaya a rana amma ba ta rufe ba. Abin da ya faru a 1981 kuwa da idona na gani, ranar da Sarki Usman Nagogo ya rasu bayan ya yi sarauta tun 1944, gari ya cika maƙil da masu ta'aziyya, Inna ta ce yau ba ciniki, duk wanda ya zo a zuba mashi.

Shekarar 1984 ita ce ta fara girgiza ta da gaske. A watan Afrilu gwamnatin soja ta Janar Buhari ta canza launin takardun kuɗi, aka ba da 'yan kwanaki kaɗan a kai tsofaffi banki, aka kuma rufe iyakokin ƙasa. Inna ba ta taɓa shiga banki ba, kuɗinta na takarda a ƙulle suke cikin tsumma a ƙasan kwalla, sai da wani malamin makaranta cikin masu cin tuwonta ya karɓa ya je ya bi layi ya canzo mata. Wannan ya wuce. Wanda bai wuce da sauri ba shi ne rufe boda, don sai 1986 aka buɗe, kuma kusan shekara biyu direbobin Maraɗi da fatake, waɗanda su ne masu biya nan take har su ce a ƙara nama, suka ɗauke ƙafa. Ga damina ba ta yi kyau ba. Ga yaƙi da rashin ɗa'a ya kawo tsaftar muhalli, aka zo aka ce rumfar kara ba ta dace da bakin hanya ba aka cire ta, sai da mutanen unguwa suka yi karo-karo aka sayo kwano aka sake kafawa a ɗan ciki. A daidai lokacin da masu biya suka ragu, a lokacin masu zuwa ta ƙofar baya suka ƙaru, mu ma a cikinsu.

Sai tsarin SAP na gyaran tattalin arziki na Babangida a 1986, naira ta fara zubewa, kaya suka fara tashi ba sa saukowa. Nan ne a ganina aka yi mata illar da ba ta warke ba, ko da yake ba a gani da ido ba a lokacin. Ma'aunin da ke ba ta dawa sai gobe ya zo da kansa ya ce "Inna ki yi haƙuri, in na ba ki yau, kuɗin da za ki kawo mani jibi ba zai sayo mani abin da na ba ki ba." Ba mugunta ya yi ba, shi ma haka aka yi mashi a sama. Mahauci ya bi, mai itace ya bi. Ta wayi gari tana saye da kuɗi a hannu tana bayarwa bashi. 'Ya'yanta sun yi ta fama da ita ta rage girman malmala ko ta daina ba da bashin dare, ta rage nama, ta rage man shanu, amma malmala ta ce marar da ta saba da ita ba za ta canza ba, yaran dare kuma ta ce in ta kore su ina za su.

Ranar 23 ga Satumba 1987 aka ba mu jiha, aka cire Katsina daga Kaduna. Wanda bai ga murnar ranar ba ba zai gane ba, kiɗa da guɗa da hon na motoci har dare, kuma kowa ya ɗauka kasuwar irin su Inna ta buɗe tunda ga ma'aikata nan za su dawo gida daga Kaduna. Sun dawo ɗin, garin ya cika ya tumbatsa, amma ba cikin birni ya cika ba. Ofisoshi da sababbin gidaje duk bayan ganuwa suka nufa, ta Ƙofar Kaura da hanyar Kano da su Layout, tashoshin mota da manyan 'yan kasuwa suka bi jama'a. Can aka buɗe gidajen abinci masu tebur da fanka da firji, shinkafa da miya da cokali da lemon kwalba, ma'aikaci mai babbar riga ba zai shigo lungu ya tsuguna a benci hayaƙi na bin kayansa ba. Matasa kuma bakinsu ya koma shinkafa da wake da taliya, daga baya teburin mai shayi da Indomie da ƙwai ya kwashe cinikin dare gaba ɗaya. Waɗanda suka rage mata su ne tsofaffin 'yan dako da almajirai da gidajen da ba su da shi.

Hannun taimako ma ya ƙare. 'Ya'yanta sun yi aure, jikoki suna makaranta, kuma ni ina cikin masu ganin hakan daidai ne, jikar nan da na zauna da ita ma'aikaciyar jinya ce yanzu, da an bar ta a bakin murhu da tallan tuwo da ba ta kai nan ba. Amma gaskiya ita ce sana'ar tana cin hannu huɗu ko biyar, surfe kaɗai aikin mutum guda ne, kuma babu ribar da za a ɗauki 'yan aiki. Idonta kuma hayaƙin shekaru ya gama da shi, yanar ido ta rufe ɗaya, ɗayan dishi-dishi. Da aka zo faɗaɗa hanya da gina magudanar ruwa aka ci gaban gidan har inda rumfar take, ta koma zaure kamar yadda ta faro, tukunya ƙarama, sau ɗaya a rana. Mutane da yawa in ka tambaye su cewa suke titi ne ya kashe rumfar Inna. Ni ban yarda ba, titin ya iske ta ne ta riga ta durƙusa. Abin da ya kashe ta shi ne ranar da aka daina jiranta alhali ita ba ta daina jiran mutane ba, kuma dole in faɗa, cikin waɗanda ta jira akwai waɗanda Allah ya buɗa masu daga baya, suka yi gidaje a bayan gari, ba su waiwayo sun tambayi layinsu a bango ba. Mahaifinmu ya biya abin da ya iya kafin ya rasu, ban san ko ya cika ba, ni kuma da na fara ɗaukar albashi ina ta cewa zan je zan je har aka aiko mani ta rasu. Wannan yana ci mani rai har yau.

Bayan rasuwarta aka yi rabon gado, magada da yawa gida ɗaya, babu yadda za a yanka shi, aka sayar aka raba kuɗi, wanda ya saya ya rushe ginin ƙasa ya yi shaguna. Haka gidaje da yawa na cikin birni suka tafi, zaure da soro da azara, kamar yadda ganuwar kanta ta tafi, aka yi ta ɗibar ƙasarta ana gini a kanta har sai ƙofofi suka rage tsaye su kaɗai.

Yaranmu in an tambaye su tarihin Katsina za su kawo Hasumiyar Gobarau, su kawo Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani, su kawo Sarki Dikko da ya hau a 1906, su kawo Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 wadda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu a cikinta, kuma duk abin alfahari ne, ni ma ina kai baƙi su gani. Sai dai waɗannan suna da masu rubuta su. Irin su Inna, kuma na tabbata kowace unguwa daga Yammawa zuwa Rafindaɗi zuwa Saulawa tana da tata, ko mai waina ko mai fura ko mai ɗanwake, ba su da ko hoto ɗaya. Na tambaya a gidan jikarta, babu. Waɗanda suka san su da ido mu ne 'yan shekara hamsin zuwa sama, kuma kullum ana ɗaukar ɗaya daga cikinmu.

Da zan tafi jikar ta ce in dakata, ta shiga ɗaki ta fito da muciya. Ita ce dai, na gane ta, gefe ɗaya ya cinye ya yi siriri saboda gugar tukunya, wajen riƙo ya yi baƙi yana sheƙi. Ta ce shi ne abin da mahaifiyarta ta ɗauka a kayan, da akushi ɗaya da ya tsage aka ɗinke. Na riƙe ta na ɗan jima, sannan na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko akwai wanda ya san layin gidanmu a bangon nan, in akwai saura in biya magada. Ta ce "Kawu ai babu wannan maganar. Azumin da za ta rasu ta sa aka kwaɓo jar ƙasa aka shafe bangon tas, tana zaune a kan tabarma tana tambaya ko an kai har ƙasa, don ita ba ta gani. Da aka ce an gama ta ce to ta yafe, kowa da kowa."

Na ba ta muciyar ta mayar ɗaki.